Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri a Birnin Sin

A da, in Bahaushe yana so ya kwatanta wuri mai nisan gaske, sai ya ce birnin Sin. Ba wani gari guda ya ke nufi ba. Abin da ya ke nufi shi ne bangon duniya, inda raƙumi ba ya kaiwa. Yau kuwa akwai 'yan kasuwa a Kano da su ke zuwa can su komo kamar yadda kakanninsu su ke zuwa Gwanja sayen goro. Kuma Sin ɗin ba birni ɗaya ba ce, ƙasa ce makekiya mai birane barjat. Wanda mutanenmu suka fi sani a cikinsu yana can kudancin ƙasar, a bakin wani kogi da a ke kira Kogin Lu'ulu'u. Da baƙaƙen boko a kan rubuta sunansa Guangzhou, a kan faɗe shi kamar Gwangjo. Kada ku haɗa shi da gwanjon kasuwa, sunan ne kaɗai ya yi kama. Turawa kuwa Kanton su ke ce da shi a da.

Tsohon gari ne ƙwarai, gama an kafa shi tun shekara 214 kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka yi ƙidaya a 2020 an sami mutum fiye da miliyan 18 a cikinsa. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja ta Maroko, ya faɗi a littafinsa ya shiga garin wajen 1345, ya tarar da unguwar Musulmi da masallacinsu da alƙalinsu. Shi ne kuma ya zo Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a 1353, har ya ambaci Gobir da Barno. Ashe tun sama da shekara ɗari shida ƙafa ɗaya ta taka can ta taka nan.

To, masu zuwa wannan gari iri biyu ne. Akwai attajiri, wanda mota ke jiransa a filin jirgi, ta kai shi babban masauki, tafinta na biye da shi. Akwai kuma mai ƙaramin guzuri, wanda dukan kayansa ba su wuce jaka guda ba, ya goya ta a baya kamar yadda uwa ke goyon ɗa. Irin waɗannan galibi samari ne da 'yan mata na ƙasashe dabam dabam, ɗalibai da masu son ganin duniya. Sun yi kama da almajiran da, masu rataya gafaka su bi gari gari. Labarin wannan na biyu za mu yi, domin a ganina shi ne ya ke ganin garin. Wanda kuɗinsa ba su da yawa tilas ya taka da ƙafa, ya ci abin da talakawa ke ci, ya kwana inda su ke kwana, ya buɗe baki ya yi tambaya. Attajiri kuwa ta gilashin mota ya ke leƙe.

Bari mu ce kai ne wannan matafiyi. Tun kana gida sai ka nemi fasfo, ka nemi biza a ofishin jakadancin Sin. Biza ita ce izinin shiga ƙasar mutane, a jikinta kuma an rubuta yawan kwanakin da aka yardar maka. Riƙe wannan adadi da kyau, za mu komo kansa. Sa'an nan ka zauna ka yi lissafi. Kuɗin Sin sunansu yuwan. A ce bayan kuɗin jirgi ka rage da yuwan 1,500, kana kuwa so ka yi kwana 10. Ka ga kowace rana 150 ke nan, a ciki za ka ci, ka kwana, ka shiga mota. Ranar da ka kashe 200, gobe sai ka haƙura da 100. Ba wata dabara a tafiyar talaka da ta wuce wannan.

Lokacin tafiya ma sai an zaɓa. Tun 1957 a ke cin wata babbar kasuwar baje koli a garin, sau biyu a shekara, a fara cikin Afrilu, a kuma fara cikin Oktoba. A kwanakin nan fatake na duniya duka suna can, kuɗin masauki ya kan yi tashin gwauron zabi. Mai ƙaramin guzuri sai ya kauce musu. Ya kuma kauce wa sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, gama ita ce babbar sallarsu. Ma'aikata miliyoyi su kan koma ƙauyukansu, kantuna su rufe, tikitin jirgin ƙasa ya gagara samu.

Jirgin sama ya kan biya da kai ta Adis Ababa, ko Alƙahira, ko ɗaya daga biranen Larabawa, a sake wani. Daga Adis Ababa kaɗai wajen sa'a goma ne a sama. Da ka sauka, abin da zai fara ruɗa ka agogo ne, don suna gabanmu da sa'a 7. In rana ta take tsaka a Kano, ƙarfe 12, su can ƙarfe 7 ne na yamma. Kwana biyu ko uku na farko za ka riƙa gyangyaɗi da rana, da dare kuma ido ya bushe. Abu na biyu iska ce. Garin yana da zafi mai gumi, ba irin namu na bazara mai ƙuna ba. Ka yi wanka yanzu, kafin ka sa riga ka jiƙe sharkaf. Daminarsu daga Afrilu ce zuwa Satumba, har guguwar teku ta kan auko musu. Sanyi kuwa ba shi da tsanani. Da 'yar ƙanƙara mai laushi ta sauka cikin Janairu na 2016, mutane fita suka yi kan titi suna kallo, don yawancinsu ba su taɓa ganin haka a garinsu ba.

Kada ka nemi tasi a filin jirgi, ta cinye maka kuɗin yini. Sauka ƙasa za ka yi, domin akwai jirgin ƙasa da ke tafiya cikin rami a ƙarƙashin garin. An buɗe hanyarsa ta farko a 1997. Yanzu in an haɗa tsawon hanyoyin duka sun wuce kilomita 600, watau sun fi nisan Kano zuwa Abuja. A bakin kowace tasha sai ka ɗora jakarka kan wata na'ura mai ganin abin da ke ciki. Daga nan ka sa kuɗi a wani akwati, ka taɓa sunan tashar da za ka, ya tofo maka wani ɗan faifan roba kamar kwabo. Shi ne tikitinka. Ka kara shi a ƙofa ta buɗe, in ka isa kuma ka jefa shi cikin wata kafa ka fita. Gajeriyar tafiya yuwan 2 ce. An rubuta sunayen tashoshi da rubutun Sinawa da na boko, kowace hanya kuma da lambarta da launinta, saboda haka ko yaron da ya gama aji huɗu ya iya bi. Amma fa a kiyayi safiya da maraice. A lokutan nan ba kai ke shiga jirgi ba, taro ne ke ɗaukarka ya shigar, in kuwa ba ka matso ƙofa da wuri ba, sai an wuce da kai tasha biyu.

Masaukin irin waɗannan matafiya ba ɗaki a ke kamawa ba, gado a ke kamawa. Ɗaki guda sai ya ɗauki mutum shida ko takwas, gadaje hawa biyu kamar na makarantar kwana, maza dabam mata dabam, ko da ya ke akwai ɗakunan da a ke haɗawa, sai mutum ya tambaya tun da fari. Kowa da akwatin ajiyarsa mai makulli. Wanka da bayan gida na tarayya ne. Munshari ma na tarayya ne, wannan kam ba a biyan kuɗinsa. Amma a nan ne za ka kwana kusa da mutumin Koriya da na Faransa da ɗalibi Basine wanda ya zo neman aiki, kowa ya gaya maka inda ya ci abinci mai araha jiya. Da ka isa mai masauki zai karɓi fasfonka ya rubuta, gama doka ce a sanar da 'yan sanda inda kowane baƙon waje ya sauka. Wanda ya sauka gidan aboki, shi da kansa zai kai rahoto kafin sa'a 24. Waɗansu ƙananan masaukai su kan ƙi baƙon waje don gudun wannan ɗawainiya, ko da ya ke a 2024 hukuma ta ja musu kunne. Shi ya sa mai hankali ke tabbatar da gadonsa kafin ya bar gida, kada dare ya yi masa a titi da jaka a baya.

Sinawa ne suka fara kashe kuɗin takarda a duniya, kusan shekara dubu da ta wuce. Ga shi yau suna yar da su. A Gwangjo kusan kowa da wayar hannu ya ke biya. Ko tsohuwa mai tallan lemo tana da wani ɗan allo mai zanen murabba'i, baƙi da fari kamar gidan dara. Mai saye ya haska shi da waya, ya rubuta kuɗin, shi ke nan an biya. Manhajojin da ke wannan aiki biyu ne, WeChat da Alipay, baƙo kuma ya iya haɗa su da katin bankinsa. Har yanzu doka ta ce a karɓi tsabar kuɗi, amma ka miƙa takardar yuwan 100 ka gani, sai mai kanti ya shiga maƙwabta neman canji. Haɗarin abin shi ne, in wayarka ta mutu, aljihunka ya mutu, taswirarka ta mutu, tafintanka ma ya mutu. Don haka a riƙa caji, a kuma soke 'yan takardu a lalita. Wani abu kuma, Google da Facebook da WhatsApp a toshe su ke a ƙasar. Sai ka gaya wa mutanen gida tun da wuri, kada su ji shiru su tada hankalinsu.

Yanzu sai maganar ciki. Mutanen wannan lardi sun shahara da iya girki a ƙasar Sin duka, sun kuma shahara da cin abubuwan da mu ba mu ci. Naman alade shi ne namansu na kullum, kitsensa kuma ya kan shiga har abincin da ba ka zato, kamar burodi da miyar ganye. To, ina Musulmi zai sa kansa? Allah ya kawo sauƙi. Da wuya ka yi tafiyar minti goma sha biyar a garin ba ka ga ɗan shagon taliya ba, mai koren allo, da mutane masu fararen huluna a ciki. Musulmi ne daga arewa maso yammacin ƙasar. A allonsu akwai baƙaƙe biyu na Sinanci da a ke karantawa cing-jan, su ne alamar halal. Ya kamata matafiyi ya kwafe su a takarda tun yana gida, ya riƙa kwatantawa.

Tsaya ka kalli yadda a ke yin taliyar nan, don kallon kansa ya isa a biya. Mai yi ya ɗauki curin kwaɓin alkama, ya ja shi ya yi tsawo, ya ninka, ya sake ja. Sili ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In ya ninka sau bakwai, sili nawa ke nan? Ku lissafa, za ku sami 128. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba. Ya jefa a tafasasshen ruwa, ya tsamo, ya zuba romon naman sa, da yankan nama, da ganye, da man barkono. Kwano guda ya riƙe ƙato daga hantsi har la'asar, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Ba a ci da hannu. Tsinke biyu za a ba ka, na ƙasa ya tsaya cik, na sama kaɗai ke motsi. Ranar farko rigarka za ta ci fiye da kai. Ran na uku ka ƙware. Abin da ba a yi shi ne a kafa tsinken tsaye cikin shinkafa, domin haka su ke kafa turaren tsinke wurin juyayin matattu.

Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa. Sinawa sun saba da shan ruwan zafi, ko ana zafi ko ana sanyi, suna cewa ya fi lafiya ga ciki. A tashar jirgi da filin jirgi akwai tukunyar ruwan zafi kyauta, sai mai gora ya cika abarsa. Buta kuwa ba za ka same ta a bayan gida ba, sai ka riƙe gora ta biyu dominta. Shayi su ke sha ba madara ba sukari. Da sassafe tsofaffi ke cika gidajen shayi, su zauna har rana ta ɗaga, ana kawo musu 'yan loma-loma cikin kwandunan gora masu tururi. In wani ya zuba maka shayi, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu a hankali, godiya ke nan. In butar shayin ta ƙare, a ɗaga murfinta a bar shi a karkace, mai hidima ya gani ya ƙaro ruwa. Da ɗan gari a kan ci gari, amma in babu ɗan gari, ido ma ya isa.

Harshe kuwa biyu za ka ji. Akwai na hukuma da makaranta, wanda ƙasar duka ke ji, akwai kuma Kantonanci, na 'yan asalin wurin. Dukansu harsuna ne masu karin sauti, kamar Hausa. Ku faɗi kuka ta itace, ku faɗi kuka na hawaye, ku ji bambanci. Baƙaƙen ɗaya ne, murya ce ta raba. To, a harshen hukumarsu kalmar ma tana da kari huɗu: da ɗaya uwa ce, da wani rama, da wani doki, da wani kuma zagi. Sai mutum ya yi hankali kada ya kira uwar wani doki. Bature ya kan sha wuya a nan, amma kunnen Bahaushe ya riga ya saba. Gaisuwa ni haw ce, godiya shiye-shiye. Ciniki kuwa ba ya bukatar baki. Mai kanti ya danna kuɗin a na'urar lissafi ya nuna maka, ka goge ka danna naka, ya kama kai ya yi kamar zai faɗi, ya danna wani. Suna ƙirga har tara da hannu ɗaya. Babban yatsa da ƙarami a miƙe, shida ke nan. Baƙo da yawa ya ga wannan ya zaci biyu a ke nufi, ya yi murna a banza.

Abin da ya fi daɗi a garin ba a biyan ko anini a kansa. Tashi da asuba ka shiga ɗaya daga lambunan shaƙatawa. Za ka ga tsofaffi jere suna motsa hannu da ƙafa a hankali, kamar masu iyo cikin zuma, wannan shi ne wasan motsa jikinsu. Can ga mata suna rawa da mafici. Ga wani dattijo ya rataye kejin tsuntsunsa a reshe don ya sha iska. Ga wani da ƙaton alƙalami kamar sanda, yana tsoma shi a ruwa yana rubutu a daɓe, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Ba ya damuwa, shi hannunsa ya ke gyarawa. In cikin Maris ne za ka ga itacen da suka ɗauka alamar garin, ɗan'uwan gurjiyarmu, ya zubar da ganye ya yi fure ja wur. Tsofaffi su kan tsince furen da ya faɗo su shanya, su dafa a miya ko shayi. A babban lambun tsakiyar gari akwai gunkin awaki biyar na dutse. Tatsuniyarsu ta ce waɗansu bayin sama biyar ne suka sauko bisa awaki a shekarar yunwa, suka kawo wa mutane zangarniyar shinkafa. Har yau a kan yi wa garin kirari da birnin awaki.

Daga nan ka bi tsofaffin tituna, inda benaye suka miƙo gaba bisa ginshiƙai suka yi rumfa doguwa, mai tafiya ba ruwansa da rana ko ruwa. Kasuwanninsu layi layi ne, kowane kaya da unguwarsa: nan yadi, can takalma, can agogo, can wayoyi. Akwai kasuwar magani wadda ba a mantawa da ƙanshinta, buhunan saiwoyi da ɓawo da busasshen naman kaza, har da busassun kunamu. Kayan nan ne a ke cusawa a kwantena, su bi teku zuwa Ikko ko Kwatano, su ƙare a Kantin Kwari da Sabon Gari. Ku duba takalmin da ke ƙafarku, mai yiwuwa ya riga ku ganin Kogin Lu'ulu'u. Ba zan ɓoye muku ba, wannan araha ta zo mana da hasara. Atamfar Sin tana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, tare da rashin wutar lantarki, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Mai tafiya a ƙasa shi ne kuma zai ga abin da dogayen benaye suka kare. Garin ya girma da sauri har ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Manoman da aka karɓi gonakinsu suka gina benaye a filayen gidajensu suna ba da haya, suka matse su har maƙwabta biyu su iya yin musafaha ta taga. Lungunan duhu ne ko da rana tsaka, wayoyin lantarki a sarƙe, ruwa na ɗiga daga sama. A nan leburori ke kwana, da masu ɗinki, da samarin nan masu kai abinci gida gida a kan kekuna masu batir. An hana babur mai mai shiga tsakiyar garin tun 2007, su kuwa masu batir ba su da ƙara, sai dai ka ji iska ta wuce ta gefen kunnenka. Ka fito daga lungun, taku kaɗan, ga bene na gilashi ya soki gajimare.

In kewar gida ta kama ka, nemi unguwar da a ke kira Shiyawbe. Tun ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar Afirka ke sauka a nan. Za ka ji Faransanci da Larabci da harshen Ibo, in ka kasa kunne kuma ka ji wani yana cewa ina gajiya. Ta rage cika bisa ga da. Dokar biza ta tsananta, cikin Afrilu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da masaukai, waɗansu suka kwana a titi, har gwamnatin Nijeriya ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ranta. Wannan ya faru, ya kamata ku sani. A wajen wannan unguwa kuwa, musamman wurin mutanen ƙauye, za a kalle ka ƙuri. Wani ya roƙi ku ɗauki hoto tare, yaro ya shafa hannunka ya duba yatsansa. Yawanci mamaki ne kawai, irin wanda yaranmu ke yi in Bature ya shiga ƙauye. Jefi-jefi kuma a kan gamu da marar kirki, wanda zai tashi daga kujera don ka zauna kusa da shi. Ba daɗi, amma ba a biye masa.

Ran Juma'a ba za ka rasa jam'i ba. Cikin tsohon gari akwai masallacin Hwaishang, ɗaya daga mafi tsufa a ƙasar Sin, ma'anar sunan kuwa tunawa da Annabi. Gininsa irin na Sinawa ne, rufi mai lanƙwasa, amma hasumiyarsa kewayayyiya ce sumul, tsawonta wajen mita 36. Suna kiranta hasumiyar haske, an ce a da ita ke yi wa jiragen ruwa jagora. Musulmin wurin sun gaji labari cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sahabin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ya kafa masallacin, har akwai kabarin da a ke jingina masa a arewacin gari, inda baƙi suka fi taruwa Juma'a. Malaman tarihi kuwa sun tafi a kan cewa Sa'adu kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne fataken Larabawa da Farisa sun zauna a garin fiye da shekara dubu da ta wuce. Abu guda zai ba ka mamaki in an ta da salla. Mu nan gabas mu ke fuskanta, har gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Su can Makka tana yamma da su, sai ka ga sahu ya juya wa mafitar rana baya.

Da magariba sai ka gangara bakin kogi. Akwai jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, an yi musu ado da fitilu, kuɗinsu ya isa abincinka na yini. Akwai kuma jirgin fito na ma'aikata, mai ƙetarawa da 'yan yuwan kaɗan. Kogin ɗaya ne. Daga baki za ka hango hasumiyar Kanton, wadda aka buɗe a 2010, tsawonta mita 600, siririya a tsakiya kamar kalangu, tana sake launi daga ja zuwa shuɗi zuwa kore. Hawanta da tsada. Mai ƙaramin guzuri ya kan tsaya a ƙasa, ya ce ai wanda ya hau ba ya ganinta.

To, mu komo kan adadin nan na jikin biza. Wanda ya wuce kwanakinsa, dokar da ta fara aiki a 2013 ta yarda a ci shi tarar yuwan 500 a kowace rana, har zuwa 10,000, ko a tsare shi, a iya kuma hana shi komowa. Ku gwada da yuwan 1,500 ɗin da muka fara da su: kwana uku na sakaci sun cinye guzurin kwana goma. Samari da yawa na Afirka sun faɗa wannan rami. Kuɗi suka ƙare, biza ta ƙare, suka shiga ɓuya, ba su iya fita ba su iya zama. Saboda haka matafiyi ya kan ware kuɗin komawa filin jirgi tun ranar farko, ya sa a wani aljihu dabam. Ran tafiya ya karɓi ajiyarsa wurin mai masauki, ya cika gorarsa da ruwan zafi, ya goya jakarsa, wadda yanzu ta ƙara nauyi da ganyen shayi da tsinke biyu na tsaraba, ya sauka rami ya sayi faifan roba na ƙarshe. In jirgin dare ne, sai ya tashi da wuri, gama jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya kwana yana aiki.